Zuwa ga Nura, Game da Gahawa Mai Ƙanƙara

Da sunan Allah nake farawa. Gaisuwa gare ka, Nura, autana. Allah Ya kai ka inda za ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe, da sharrin masu tare hanya, da direba mai gyangyaɗi. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki a can, Ya raba ka da abokin da zai yi maka dariya a gaba ya sare ka ta baya.

Bayan haka, ka san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka kawo ni birni. Malam Bitrus, tsohon akawun Alhaji, shi ne riƙe da biro. Muna zaune gindin mangwaron bayan kicin. Na ce masa abin da na faɗa shi zai rubuta, kada ya gyara mini baki. Za ka ce ga ɗakina ga naka a ɗakunan baya, bango ɗaya ya raba, me ya kawo takarda? To, tun ranar da muka yi maganar nan ban ce maka komai ba, kuma da na daɗe ban yi ba sai bakin ya yi mini nauyi.

Ranar da ka zo ka ce Bashir, ɗan Alhaji, zai tafi da kai Abuja ka zama kukun gidansa, na ce a gaban uwarka da maigadi ni ban haifi kuku ba. Ka sunkuyar da kai ka ce, "Baba, ai kuku ne ya haife ni." A sunkuye ka faɗa, amma dai ka faɗa. Yanzu uwarka ta gaya mini gobe da safe motar za ta tashi, kuma ka rantse ba za ka hau ba sai na sa albarka, in ban sa ba aikin ya wuce, ka koma zaman benci a Tudun Murtala da difilomarka a ƙarƙashin katifa. Bashir kuwa ba mai jira ba ne, tun yana ƙarami ba ya jiran abinci ya huce. Kafin in gaya maka abin da na yanke, sai ka saurari wannan, don na ji an ce a gidan nasa akwai irin injin gahawar nan na falon Alhaji, kuma ita ce abin da zai nema a hannunka kullum da la'asar.

Na shigo gidan nan tun zamanin soja, lokacin itatuwan unguwar Nassarawa sun fi gidajenta yawa. A lungun falo akwai wani kabad mai gilashi, cike da kwalabe, na baƙi ne: Turawa, Kwarori, 'yan kwangila. Ni ke kai musu ƙanƙara a wani ɗan bokitin ƙarfe, ni ke wanke dogayen tambulan bayan sun tashi. Ban taɓa kai wa bakina ba, ban kuma taɓa cewa uffan ba. Da farar hula suka dawo, aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, sai aka wayi gari kabad ɗin fanko. Alhaji bai yi wa kowa bayani ba, mu ma ba mu tambaya ba. Sai dai baƙi ba su daina zuwa ba, ƙaruwa ma suka yi, don a lokacin Alhaji ya fara sa hannu a siyasa, kuma babban mutum ba ya tarar baƙo da ruwan leda. Ana nan Bashir ya dawo daga karatu a ƙasar waje da injin nan a kwali, mai ƙyalli kamar sabuwar mota. Esfireso suke ce wa abin da yake fitarwa. Aka ɗora shi daidai inda kwalaben suke a da.

Bashir ya leƙo kicin ya ce, "Baba Audu, zo in nuna maka yadda ake yi."

Na ce, "Bashiru, ni da na goya ka kana yi mini fitsari a baya, yau kai za ka koya mini dafa ruwa?"

Ya yi dariya ya ce ba dafawa ake ba, matsewa ake. Na ce ko tatsa ake ba ruwana. Da na ga kuma a dogayen tambulan ɗin nan za a riƙa zubawa, har da ƙanƙara a ɗan bokitin nan, sai na ce wannan ai tsohon abu ne aka sake wa riga. Na kwashe tambulan na ɓoye su a sito, bayan buhunan shinkafa. Hajiya ce ta gano su. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Audu, duk shekarun da kake wanke su ba ka ga haramcinsu ba, sai yanzu da za a zuba musu madara?" Gaskiyarta ce. Abin da ban iya faɗa wa Alhaji ba a lokacin da ya kamata, shi na zo ina hucewa a kan gilashi, a lokacin da gari duk ya koma wa'azi, faɗar ba ta da tsada. Don haka, Nura, in ka ga abin da addininka bai yarda da shi ba a gidan da kake aiki, ka sami maigidan shi kaɗai, ka durƙusa, ka ce ranka ya daɗe wannan ban da ni. Ko ya ji ko ya sallame ka, ka dai fita. Amma kada ka yi shiru sannan ka koma kana fushi da kwanuka.

Tambulan suka koma falo, ni kuma aka ce dole in koya. Malam Bitrus ne ya karanta mini 'yar takardar da ta zo da injin, yana fassarawa. Duk na yarda da abin da ya karanta sai abu ɗaya: wai a tsiyayo gahawa da zafinta a juye ta kan ƙanƙara nan take. Na ce a'a. A garinmu wanda ya dawo daga gona da gumi ba a ba shi ruwan randa sai ya huce. Zafi da sanyi in suka gamu a ciki, ciwon sanyi ke nan, ya sauka a gwiwa, ya sauka a baya. Na ce ba za a haɗa baki da ni a kwantar da Alhaji ba. Sai na ɓullo da dabarata. Tun da hantsi nake tsiyayo ta da yawa, in zuba a jug, in rufe da faranti ta huce da kanta har la'asar, sannan in jefa 'yar ƙanƙara guda don a ga na sa. Ni a ganina na kyauta. Tambulan kuwa sai su riƙa dawowa kicin rabi, wasu ma ko taɓawa ba a yi ba. Na ce mutanen nan ba su san abu mai kyau ba. Ashe gahawar injin nan ba ta zama. Da ta ɗan jima kumfar nan mai ruwan zuma ta kwanta, ƙanshin ya gudu, sai ɗaci kamar an jiƙa maɗaci, da wani tsami-tsami a bayan harshe.

Har gobe ni ba na shan ta da ƙanƙara. Malam Bitrus ya ce in cire wannan, wai likitoci sun ce ba haka ba ne. Na ce rubuta, likitocin ba su ga gwiwar ƙanen ubana ba. Amma abin da na gane daga baya shi ne, cikina nawa ne, tambulan na Alhaji ne. In kana da abin da kake gudu, ka guje shi a kwanonka. Na mai gida kuwa ka yi masa yadda ya ce yana so, kada ka yi masa wani abu dabam a ɓoye kana cewa taimakonsa kake.

Ga yadda ake yi, tunda ni sai da na sha wuya na iya. Ka kunna injin ya yi zafi tukuna, kada ka yi masa gaggawa. In wuta ta zo rabi-rabi, fitila tana ja kamar garwashi, kada ka taɓa shi sai an ta da janareta, na taɓa jin ƙaurinsa sau ɗaya, ba na so ka ji. Ruwan burtsatse kuma kada ka ba shi, yana tara masa wani farin gari a ciki ya toshe, ruwan roba za ka zuba. 'Ya'yan gahawar ka niƙa daidai wanda za a sha a lokacin. Ka cika ludayin ƙarfen nan mai mariƙi, ka share bakinsa da yatsa, ka danne da madanninsa a miƙe, kada gefe ɗaya ya fi gefe. Sai ka murɗa shi a jikin injin ya kama. Daga nan idonka ne malaminka. In ta zubo shaa kamar famfo, garin ya yi tsaki-tsaki, ruwa za ka ba mutum. In tana ɗiga da ƙyar baƙi ƙirin, ya yi laushi da yawa ko ka danne shi da mugunta. Wadda ake so tana sauka siririya kamar zuma daga cokali. Sukari tun tana da zafi za ka sa ka juya, a ɗan kofin da ta sauka, don in ta yi sanyi ba ya narkewa, sai ya kwanta a ƙasa mutum ya riƙa tauna shi kamar yashi. Tambulan kuwa ka riga ka cika shi da ƙanƙara, ba guda ɗaya irin tawa ba, ka zuba madara mai sanyi, sannan ka juye gahawar a kai a hankali. Kada ka zuba mai zafi a tambulan mai sanyi ba komai a ciki, tsagewa yake. In ka juye, ka ɗauka ka tafi, ba a tsayawa amsa waya. Ludayin kuma ka buge garin ka wanke tun da ɗuminsa.

To, yanzu ga babbar. Wani azumi ne, ana gab da zaɓe. Alhaji ya kira manyan jam'iyya shan ruwa, yana son su tsayar da wani yaronsa takarar majalisa. Tun azahar muke kan ƙafa: ƙosai, kunun tsamiya, farfesun kayan ciki, dankali da ƙwai. Alhaji ya ce bayan an yi sallar magariba a kawo musu gahawa mai ƙanƙara, don ta zama abin da ake zancen gidansa da ita. A lokacin na riga na daina dabarar jug, na iya injin daidai gwargwado, har ina jin kaina. Sai dai ƙanƙarar firjin falo ba za ta ishi mutanen ba. Na sa aka daskarar da ƙari a babbar firizar sito, a buɗe, a faranti. Firizar nan kuwa a cikinta muke ajiye kifi, da naman miya, da wani ƙullin daddawa da Hajiya ta sa aka kawo mata daga ƙauye.

Ana saura kaɗan a sha ruwa na haɗa guda don in ga launinta. Ta yi kyau a ido. Sai ga wannan bawan Allah da ke rubutu ya shigo kicin neman ruwan zafi. Ya ce, "Baba Audu, kai kana azumi, ni ba na yi. Kawo in ɗanɗana maka."

Ka san a gidajen Nassarawa haka ake yi tun da. Kukun da ke azumi yakan sami wani Kirista cikin ma'aikata, ko direba ko akawu, ya zama harshensa na wata guda, shi zai ce gishiri ya ji ko bai ji ba. Kukun gidan da ke kallonmu haka yake yi, kowa ya sani. Ni kaɗai na ce ban da ni. Na ce, "Malam Bitrus, hannuna ya san gishiri tun kana rarrafe a Wusasa. Je ka ka ji da takardunka."

Ya ce, "Gishiri ne ka sani, wannan ba gishiri a ciki."

Na ce, "Mutumin da ke zuba sukari a tuwo ne zai gaya mini daɗin baki?"

Yanzu ya ce a rubuta cewa bai taɓa zuba sukari a tuwo ba, a kunu ne. An rubuta.

Ya ɗauki ruwan zafinsa ya fita. Da aka kira salla na sha ruwa a tsaye, dabino ɗaya, ban bi ta kan wadda na haɗa ba, na hau tsiyaya ina jerawa a tire. Na kai da kaina. Akwai wani dattijo cikinsu, mai jar hula, irin mutanen nan da ba a tsayar da kowa sai sun gyaɗa kai. Ya kurɓa. Ya riƙe a baki. Ya waiwaya yana neman inda zai zubar, babu, ya haɗiye. Sannan ya ce, "Alhaji, wannan gahawar ta Turawa da kifi ake yin ta, ko miyar kuka ce aka sa wa ƙanƙara?" Falo ya ɗauki dariya. Wani ya ce a kawo tuwo mana a haɗa. Alhaji ma ya yi dariyar, amma ni da na san fuskarsa na san wace iri ce. Ina tsaye da tire a hannu, na rasa ƙofar da na shigo.

Ban ce gahawata ce ta hana yaron nan takara ba, siyasa tana da nata dalilan. Amma har aka gama zaɓen, duk inda Alhaji ya shiga sai wani ya tambaye shi ko akwai sauran ta kifin. Washegarin shan ruwan nan Alhaji ya kira ni. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya ce, "Audu, Bitrus ya ce zai ɗanɗana ka hana?" Na ce haka ne. Ya ce, "To daga yau kada ka ƙara taɓa injin nan. Bitrus zai riƙa yi." Ka ji fa. Akawu, mai tebur da fanka, aka mayar da shi mai kai wa baƙi tire saboda taurin kaina. Shi an rage masa daraja, ni an raba ni da aikina, muna wuce juna a baranda ba mai kallon wani. Haka muka yi har bayan babbar salla. Ranar da na gaji, na same shi a gaban injin yana fama, ya ɓata gaban rigarsa, na ce, "Matsa, ba haka ake dannawa ba." Ya matsa. Na haɗa, na miƙa masa na ce, "Sha ka gaya mini." Iyakar ban-haƙurin da ya samu ke nan, yanzu ma da yake rubutawa yana jira ko zan ƙara, ba zan ƙara ba. Tun daga shekarar, duk azumi shi ne harshena har na ajiye aiki.

Saboda haka, ƙanƙarar gahawa a mazubi mai murfi ake yin ta, da ruwa mai kyau, nesa da kifi da duk abin da ke da wari, don ƙanƙara tana kwasar warin maƙwabcinta. Kuma ranar da ka isa gidan Bashir, kafin ka san inda tukwane suke, ka san mutanen gidan. Ka gaida maigadi, ka gaida mai shara, ka san wanda ke azumi da wanda ba ya yi, wanda ke zuwa masallaci da mai zuwa coci. Akwai ranar da ba za ka iya jin ɗanɗanon abin da ka dafa ba, ko don azumi, ko don mura, ko don ranka a ɓace yake. In wani ya ce kawo in taɓa maka, ka miƙa masa cokali ka ce na gode.

Saura maganar da ta sa na kira Malam Bitrus. Da na ce ban haifi kuku ba, ba aikin na raina ba. Da shi na aurar da yayyenka, da shi na kai ka makarantar da ni ban shiga ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, na yi wa uban Bashir tsayuwa da tire har bayana ya ranƙwafa, yanzu kuma ɗana zai yi wa ɗansa. Na so a ce ko mutum ɗaya daga gidana ya shiga falon nan ta ƙofar gaba, a ce masa bismilla ga kujera. Na sa rai kai ne. Da ka zo da maganar, sai na ji kamar duk shekarun nan a wuri ɗaya muka yi ta zagaye.

Amma na kwana biyu ina kallonka ta taga. Na ga yadda kake fita da safe da takardu a leda ka dawo da yamma ƙafa duk ƙura, ka ce wa uwarka ka ci abinci a waje alhali ba ka ci ba. Kujerar da nake so a ba ka, ba ni da ita, ban kuma san mai bayarwa ba. Abin da nake da shi aikin hannun nan ne, kuma na lura tun kana yaro in ina yanka albasa idonka na kan wuƙar. In na hana ka, ba kujera na ba ka ba, benci na mayar da kai, don kawai kada a ce Audu ya janye maganarsa. Na san wannan halin nawa, na ga abin da ya jawo mini, ba zan biya shi da kai ba.

Ka je. Na yarda. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko da tukunya na kan wuta, a rage wutar. Bashir maigidanka ne a can, kada ka ce masa Bashiru don ka ji ni ina faɗa, ni goyo ne ya ba ni wannan. Amma kada ka yi masa rawar jiki, kada ka ci ragowar farantinsa, ka zuba naka a kwanonka ka zauna ka ci kamar mutum. Ka buɗe ido ka koyi duk abin da ake koya a kicin ɗin nan, na Turawa da na Larabawa, kada ka ce wa kowa ka riga ka iya. Ni a gida ɗaya na tsufa don ban san wata ƙofa ba. Kai ka san karatu, in ka ƙware, ba dole ne ka tsufa a bayan gidan wani ba. Uwarka kuma ka riƙa kiranta ranar Juma'a, ni ba sai ka nema ba, ina jin muryarka daga inda nake zaune.

Allah Ya yi maka albarka, Nura. Allah Ya sa hannunka ya zama sanadin arzikinka, Ya kare ka daga wuta da wuƙa da bakin mutane, Ya dawo mana da kai lafiya muna raye. Gobe in an idar da sallar asuba kada ka wuce ɗakinka, ka biyo ta nawa, ƙofar a buɗe take. Ka durƙusa in ɗora maka hannu a ka yadda ubana ya yi mini. Amma kada ka yi mini zancen takardar nan, kada kuma ka yi kuka a gabana, don in ka fara ban san abin da zan yi ba.

Ni ne mahaifinka,
Audu Kuku